Ranar da Kawu Bai Buga Ƙararrawa Ba

Ƙanin mahaifiyata ne. Mu Kawu muke ce masa, a makarantar da yake aiki kuwa, tun daga shugaba har mai shara, Baba Ƙararrawa suke kiransa. A takarda masinja ne, amma abin da aka san shi da shi wani tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a bishiyar gaban ofis, da guntun rodi da yake ajiyewa ƙarƙashin kujerarsa. Duk minti arba'in zai fito ya buga sau uku ya koma. Ba ya amsa gaisuwa a hanyar zuwa, sai a dawowa.

Gajere ne, mara yawan magana. Matarsa ta ce ko a gida in ta ce masa abinci ya kusa, sai ya tambaye ta minti nawa.

Shekara ashirin da uku yana wannan aiki da agogon hannu, sannan ido ya fara yi masa gardama. Bai gaya wa kowa ba. Malamar kwamfuta ce ta lura yana miƙa hannunsa can nesa yana kanne ido. Ba ta ce masa komai a kan idon ba, ta dai saita tsohuwar kwamfutar ofis ta riƙa yin wata 'yar ƙara duk lokacin canjin darasi. Kawu ya yi sati biyu yana gwada ta da agogonsa, da taimakon tabaran mai gadi. Da bai kama ta da laifi ba, sai ya cire agogon ya sa a aljihu.

Ita ce kuma ta sa masa manhajar sauraren sauti, saboda surukinsa ya kawo masa sharhin wani tsohon wasan ƙwallo a filashi. An yi wasan tun kafin a haife ni, kuma an ci ƙungiyar su Kawu biyu da ɗaya. Kawu ya san haka sarai. Duk da haka, kullum in an zo minti na tamanin sai ya gyara zama.

Wata Talata masu duba makarantu suka zo, su uku, suka shiga ofishin shugaba, wanda katako kawai ya raba shi da teburin Kawu. Kawu yana sauraren wasansa, sai shugaba ta leƙo ta ce, "Baba, wannan ƙwallon."

Kawu ya kama linzamin kwamfutar, ya ja madannin ƙarar manhajar har ƙasa, ya rufe ta. Ya naɗe hannu yana jiran lokaci.

Abin da bai sani ba shi ne, wannan manhaja ba muryarta kaɗai take ragewa ba. In ka ja madanninta, muryar kwamfutar gaba ɗaya take ja, kuma ko ka rufe ta a nan take barinta. Ƙarfe goma saura ashirin ta yi, kwamfuta ta yi ƙararta a zuci. Kawu yana zaune.

Doka ce a makarantar, malami ba ya barin aji sai ya ji ƙararrawa. Kowane malami ya duba wayarsa, ya ga lokaci ya wuce, ya ce lallai shugaba ce ta ƙara saboda baƙi. Malamar tarihi ta gama darasinta ta sake shi daga farko. Malamin lissafi kuwa, wanda bai taɓa gama darasi kafin a buga ba, ya ga abin kamar a mafarki. Ya cika allo ya goge, ya sake cikawa. An ce har darasin da aka tsara don zango mai zuwa ya taɓo.

Goma da ashirin ma ta wuce haka. Baƙin suka zaga, suka tarar da kowane aji tsit, babu ɗalibi ko ɗaya a waje. Babbansu ya rubuta a littafi cewa bai taɓa ganin tsari irin wannan ba.

Mai sayar wa yara abinci lokacin hutu ce ta gaji. Ta bar kwanukanta a bakin ƙofa ta zo har ofis.

"Baba, yau yaran azumi suke yi ne?"

"Lokaci bai yi ba," in ji Kawu.

"Sha ɗaya ta wuce fa."

Kawu ya dubi kwamfuta. Ya zaro agogo daga aljihu ya miƙa mata, ta karanta masa. Ya ɗauki rodinsa ya fita da irin tafiyar da ya saba, ya buga sau uku. Ya ɗan tsaya, ya ƙara shida, na biyun da suka wuce.

Bayan baƙi sun tafi shugaba ta kira shi, ta kira malamar kwamfuta. Malamar ta taɓa nan ta taɓa can, ta gano inda gizo yake saƙa.

"Baba, da kuka rage ƙwallon, kun rage agogon ma. Maƙogwaronsu ɗaya ne."

"Ni ƙwallo na rage."

"Haka ne, amma haɗe suke."

"Wa ya haɗa su?"

"Waɗanda suka yi manhajar."

"Suna ina?"

Malamar ta ce suna da nisa. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce to a rubuta cewa shi ƙwallo ya rage. Shugaba ta dubi littafin baƙi da ke buɗe a gabanta, ta ce ba sai an rubuta komai ba.

A ranar malamar ta shiga saitin manhajar ta raba su, ta nuna masa: ya ja na ƙwallo ƙasa, agogo ya yi ƙara lafiya lau. Kawu ya yi godiya. Amma a gida ya kasa cin abinci, matarsa ta yi ta tambaya, sai daga baya ya ce mata abin da ya fi ƙona masa rai ba shirun kwamfutar ba ne. Awa ɗaya da rabi ya zauna, jikinsa bai gaya masa komai ba. Da can ko agogo bai duba ba yana jin minti arba'in a gwiwarsa.

Washegari ya je asibitin ido, abin da 'ya'yansa suka shekara biyu suna roƙonsa. Ya dawo da tabarau mai kauri, ya mayar da agogo hannu. Kwamfutar ma bai sallame ta ba. In ta yi ƙara sai ya duba agogo tukuna, in sun yi daidai ya tashi.

Malamin lissafi ya same shi sau biyu gab da jarrabawa, ya ja shi gefe, ya tambaya cikin ladabi ko akwai yadda za a yi abin nan ya sake faruwa. Kawu ya ce babu.

Ya ƙara shekara huɗu ya yi ritaya. Yanzu yana kiwon zabi a bayan gida, guda goma sha ɗaya, kuma ya ce ba su da tarbiyya ko kaɗan.