Babba a Ƙasan Layi

Sanarwa ta fito cewa duk malamar firamaren da ba ta ci lissafi ba, ta sake jarrabawa ko ta ajiye alli. Yayata tana cikinsu. Ita ta goye ni ina jariri, ga shi yanzu ni ke koyar da lissafi a Dutsin-Ma. Duk Asabar sai in hau mota zuwa wurinta a Kurfi.

Koyar da yaya aiki ne ja. Ba na iya zama wuri ɗaya. In tashi, in leƙa zaure, in dawo. Ita kuwa ko a jikinta, tana tsintar shinkafa, biro a maƙale a ɗankwali.

Ranar da na tura mata 1/2x ta waya, nan take ta kira.

“Kai Auta, rabin x kake nufi, ko ɗaya bisa 2x? Ka yi rubutu irin na mutane mana!”

Da gaskiyarta. Daga nan na koma jan layi a takarda, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa.

Inda muka maƙale daban ne. In x ya fi y girma, ta dage lallai ɗaya bisa x ma ya fi ɗaya bisa y.

“Babba babba ne ko'ina ya shiga,” in ji ta.

A gidanmu haka ne. Babba ke fara ɗaukar nama, kuma ƙarami ba ya cewa babba ya yi kuskure. Sai in yi ta kewaye-kewaye, jarrabawa kuwa tana matsowa. Asabar ta ƙarshe haƙurina ya ƙare, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba.

“Yaya, kin yi kuskure! Kwanon tuwo ɗaya, mutum takwas a kai, da wanda mutum biyu ke ci, su wa za su ƙoshi?”

Ta ajiye faifan shinkafar. Ta daɗe tana kallon layin, sannan ta dube ni.

“Ashe in aka sa babba a ƙasa, ƙanƙancewa shika yi.”

Ta ci jarrabawar, aikinta ya tsira. Ranar da sakamako ya fito ta kira ni, muryarta a natse.

“Na gode, Malam.”

Tun ina goye, Auta take ce mini. Har yau ina jira ta sake ce mini Auta.