Abin da Jakin Kakana Yake Dawowa da Shi

Har yau in na ji kukan jaki, sai hancina ya cika da warin toka da kashin awaki. Kada ka yi dariya, da wannan warin aka raine mu.

Gona ɗaya tak kakana yake da ita, can gaba da Bacirawa, ita take ci da gidanmu gaba ɗaya. Babu halin a bar ta ta huta, don duk inda ka juya gonar wani ce. Da rani yakan ɗora wa jakinsa gero ko harawa ya nufi birni. Dawowar ce take ɗaure mini kai: mangala cike da toka da kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye. Ya kai musu abinci, su ba shi shara! Ni dai na ɗauka cutarsa ake yi, har haushin mutanen birni nake ji.

Ran nan na same shi yana zube kayan tsibi-tsibi a gona.

"Kaka, wai kai ba ka da wayo ne?"

"Amarya sarkin tambaya," ya ce, "geron da suka ci, daga jikin ƙasar nan ya fita. In ban karɓo mata abinta ba, me za ki tuƙa mini?"

Ban yarda ba. Da damina ta faɗi na riƙa zagayawa ina leƙen inda tsibi-tsibin suka zauna. Nan geron ya fi duhu, ya kere ni tun sauran suna iya ƙuguna.

Yanzu gonar tana hannuna ni da ƙanena. Mota ce take kwashe hatsi zuwa kasuwa, daga can har garuruwan da ban taɓa takawa ba, ta dawo wayam. Muna sa takin zamani, amma ƙasar sai ƙara fari take, kamar rairayi. Abin yana ba ni tsoro.

Bana muka ce bari mu gwada dabarar tsoho, aka juye mana tifa guda ta sharar birni. Wuni muka yi muna tsince leda da batir da fasassun kwalabe. Abin da ya rage bai fi mangala biyu ba.

Ƙanena ya share gumi ya ce, "Yaya, wane gefen za mu ba?"

Muka zuba a kusurwa ɗaya. Sauran gonar haka muka shuka ta, da yunwarta.