Kwanon Gyaɗar Baffa

Dalhatu ba ya gaisawa da mutum ya saki hannu nan take. Sai ya ɗan dakata, ya ji ƙarfin riƙon da aka yi masa. A jami'a ya samo ɗabi'ar, inda ya shekara huɗu yana karatun ilimin motsa jiki.

Da ya dawo Gafasa, ya tara manoma a ƙofar masallaci, ya ce littafi ya ce kowa ya riƙa tafiyar rabin awa kullum.

"Malam," in ji Kabo mai shanun huɗa, "kafin noma za mu yi ta, ko bayan mun dawo?"

Bai sake tara kowa ba. Ya kama koyarwa a Ajingi, yana hura wa yara usur.

Ana nan, ɓarin jikin Baffa, ƙanin mahaifinsa da ya riƙe shi, ya shanye. Asibiti suka ce a riƙa motsa hannun, in ba haka ba ya sandare ke nan. Na'urorin da Dalhatu ya koya da su suna birni. Ya yi kwana biyu yana buɗa tsofaffin littattafansa, sannan ya ajiye wa tsohon kwanon gyaɗa.

"Baffa, da hannun nan za ka ɓare."

"Karatun naka ke nan? Kakarka ma ta san wannan, ba ta je ko'ina ba."

"Ta sani. Amma ba ta san sau nawa ba, da lokacin hutawa."

A daminar nan sashensu na jami'a ya aiko wa tsofaffin ɗalibai takarda, ana son sanin ko karatun ya yi amfani. Tambayar ƙarshe ita ce: daga ɗaya zuwa biyar, nawa za ka ba shi? Dalhatu ya cike komai, ya bar wannan. Ya ce wa matarsa Nuriyya, sai ranar da Baffa ya ɓare kwano guda a zama ɗaya.

Satin farko ƙwaya uku. Kafin lokacin kaka Baffa ya kai rabin kwano, har yana ɗaukar butarsa. Wata Juma'a ya miƙa wa Dalhatu hannun, ya matse. Dalhatu ya daɗe bai saki ba.

Bayan sati biyu zazzaɓi ya kwantar da Baffa, bai tashi ba.

Sau biyu aka kira daga jami'ar, a mayar da takarda. Nuriyya ta ce tana nan cikin akwati, gurbin nan ɗaya babu komai a ciki.