Kore da Ruwan Gwal

Na haɗa wata 'yar manhaja mai fitar da fayil ɗin launuka, don kod ɗin kwamfuta da nake koya wa ɗalibai ya rarrabu a shafinmu na intanet: umarni shuɗi, bayani toka-toka. Kowane launi sai da na gwada shi a tsohuwar waya da tsakar rana a Ƙofar Guga, don a waje suke karatu, inda sabis ke kamawa.

Alhaji mai makarantar ya duba daga ofishinsa mai sanyi, ya ce, "Malam, maida komai kore da ruwan gwal, kalar tambarinmu."

Na maida. Ruwan gwal ba ya ganuwa a rana, sai ɗalibai suka riƙa tsallake kalmomi, kod ya ƙi tashi. A taron iyaye kuwa, Alhaji cewa ya yi malamin ne bai iya koyarwa ba.