Ɗangana da Bijimin Madekali

Kafin na'urar gano ƙarfe ta shigo hannunsa, Ɗangana ɗan kabu-kabu ne kamar kowane a Malanville. Yana ɗaukar mutane a moto, wato babur, daga bakin kasuwa zuwa gada, inda masu ƙetarawa Gaya ke sauka. Dogo ne siriri, kuma duk abin da aka faɗa masa da sanyin murya sai ya yarda. Tun yana yaro kakarsa ta ba su labarin fataken da, waɗanda in sun iso bakin gulbi suka ji tsoron 'yan fashi, sukan binne zinariyarsu cikin tukunya su wuce, wasu kuma ba su sake dawowa ba. Sauran yaran gidan sun ji sun manta, shi kuwa labarin ya zauna masa daram har ya yi gemu.

Ƙanen matarsa, Latifu, yana sayar da kayan gwanjo da ake kawowa daga Kwatano. Wata rana ya kwance kaya, sai ga wata sanda mai faifai a gindi. Latifu ya ɗauka sandar guragu ce irin ta Turawa, har ya yi wa wani mai karaya tallarta. Wani direban babbar mota ne ya gaya musu cewa abin gano ƙarfe ne, in an sa mata pil, wato batir, aka shafa ta bisa ƙasa, ƙara take yi inda aka binne wani abu. Ɗangana na zaune kan motonsa yana ji. Bai bar wurin ba sai da ita rataye a baya.

Daga ranar ya rage ɗaukar fasinja. Ya shafe bakin gulbi, ya shafe bayan makaranta, ya shafe tsohuwar tasha. Na'ura kuwa ba ta yi masa rowa ba, kullum cikin kuka take. Ya haƙo marafan kwalba, da gwangwanayen tumatir, da tsohon bujin injin moto, da bakin fartanya, da wani kwaɗo da ba a san ƙofarsa ba. Duk ya wanke ya tara cikin babbar roba a tsakar gida.

Matarsa Rauda, mai tuyar ƙosai, ta leƙa robar ta ce, "Baban Laila, wanga shi ne zinariyar?"

Ya ce, "Waɗanga masu gadi ne. Inda kinka ga bara, sarki na kusa."

Ana nan sai ya kai wani fasinja Madekali. Yana sauke shi ya ji hayaniya a wani gida. Mai gidan, Alasan, manomi ne mai kiwo, matarsa Zuhura kuma ita ce ke ta salati. Ɗan kunnenta na zinariya, tsarabar Makka, ya ɓace tun da safe lokacin da take dama wa bijiminsu dusa. Ɗangana ya yi sallama, ya kwance na'ura, ya ce a ba shi wuri. Ya bi tsakar gida, ya bi gindin turmi, ya bi madafa. Shiru. Ya juya zai tafi ke nan, faifan ya gifta ta gefen cikin bijimin, wanda ke tsaye yana tuƙa. Na'ura ta ƙwala wani irin ihu da bai taɓa jin ta yi ba, har kaji suka watse.

Zuhura ta dafa ƙirji. "Ya haɗiye shi! Na rantse ya haɗiye shi!"

Ɗangana ya matsa kusa da bijimin. Ya sake shafawa ta hagu, ihu. Ta dama, ihu. A ransa ya ce ɗan kunne guda bai isa ya sa na'ura wannan kururuwa ba. Ya ja Alasan gefe ya tambaye shi inda bijimin ke kiwo.

Alasan ya ce, "Can kufai, wajen tsohuwar mashigar jiragen ruwa."

Nan take Ɗangana ya tuna labarin kakarsa. Tsohuwar mashiga, ai nan ne fatake ke ƙetarawa. Wato shi yana ta haƙa ƙasa, ashe dabba ta riga shi, ta kwashe dukiyar ta zuba a ciki.

Kafin la'asar an yi musaya gaban shaidu. Alasan ya karɓi moto, Ɗangana ya karɓi bijimi, da sharaɗin da ya maimaita har liman ya gaji: da bijimi da duk abin da ke cikinsa. Ɗan kunne kaɗai ya yarda zai mayar wa Zuhura in ya fito, don shi ba azzalumi ba ne. Alasan ma bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Ya faɗa masa gaskiya cewa bijimin rago ne, ba ya son huɗa, ga ci kamar gara. Ɗangana ya ce mai ɗauke da irin wannan kaya dole ya yi nauyin jiki.

Da ƙafa ya koma Malanville, igiya a hannu, na'ura a kafaɗa. Rauda na ƙofar gida tana kwashe ƙosai. Ta dube shi, ta dubi bijimin, ta leƙa bayansu.

"Ina moto?"

"Moto ta zama sa."

"Shi san ga, mi zai zama?"

"Ki dai yi haƙuri shi yi kashi."

Haka Ɗangana ya shiga sabuwar sana'a. Duk inda bijimi ya sa ƙafa yana biye. Da ya ɗaga wutsiya sai ka ga Ɗangana ya matso da na'ura, fuska a murtuke kamar ungozoma. Labari ya bazu, tsoffin abokan aikinsa suka riƙa tsayawa da fasinja a baya don su ga sakamako. Kowa da shawararsa. Wannan ya ce a ba shi kanwa, wancan ya ce ruwan kuɓewa don abin ya sulɓo. Wata tsohuwa ta kawo karkashi kwano guda. Bijimi ya shanye duka, ya yi ƙiba, gashinsa ya kwanta luf, bai ba da ko ƙwayar allura ba. Cikinsa kuwa in an shafa, ihun na nan.

Sabiru mahauci ya zo da wuƙarsa ya ce a taƙaita wahala. Ɗangana ya ƙi, ya ce hannun mahauci ya fi ido sauri. Likitan dabbobi ya biyo ta unguwar, ya ce shanu kan haɗiye waya da ƙusa su zauna musu a tumbi shekaru, ba abin mamaki ba ne. Ɗangana ya yi masa godiya, ya raka shi har ƙofa, ya dawo ya ce likita ya san ciwo amma bai san arziki ba. Gaskiyar maganar kuma, a lokacin ya riga ya saba da dabbar. Ya sa masa suna Baitulmali, yana sosa masa doro yana ba shi labarin fatake.

Da yake bai yarda a zubar da kashin ba, wai ko na'ura ta yi kuskure a sake dubawa, sai tudu ya tashi a bayan gida har maƙwabta suka fara toshe hanci. Rauda ce ta gaji, ta yi magana da masu noman albasa na Garu da ke cin ƙosanta ranar kasuwa. Suka ce suna son taki in za a kai musu. Ta aro amalanke, ta ce wa mijinta ai tafiya na motsa hanji. Nan take ya yarda. Bijimin da ya ƙi huɗa a Madekali sai ga shi yana jan amalanke ba gardama, muddin Ɗangana na tafe a gefensa yana magana. Su kai taki, su dawo da buhunan albasa ko shinkafa. Tun ana yi masa dariya har 'yan kasuwa suka koma jiran amalankensa, don ba ya gudu ba ya zubar da kaya, ko rami ya gani sai ya kauce saboda kada dukiya ta girgiza.

Bayan damina ta wuce aka yi wani suna a Madekali, Ɗangana ya kai musu itace. Yana sauke kaya ya hangi Zuhura cikin mata, kunnuwanta biyu na walƙiya. Ya matsa ya gaishe ta, idonsa na kan kunnen.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Malam Ɗangana, cikin ɗankwalina na ishe shi, tun ran nan da marece. Mun ga ka ɗauki abin da zahi, munka ji nauyin hwaɗa maka."

Mata suka yi tsit suna jiran ya fashe. Sai fuskar Ɗangana ta washe.

Ya ce, "Alhamdu lillahi! Ke nan ba ni da abokin tarayya. Duk abin da ke ciki nawa ne ni ɗaya."

Na'urar ba ta daɗe ba bayan haka. Wata rana da zafin rana ya jingine ta jikin amalanke ya shiga masallaci. Kafin ya sallame, Baitulmali ya tauna wayar da ta nannaɗe sandar, ya haɗiye rabi. Latifu ya nemi irinta a Kwatano bai samu ba. Ɗangana ya yi kwanaki ba ya yi wa bijimin magana, har amalanke ya tsaya, don shi ma bijimin ya ƙi motsi. Rauda ce ta shiga tsakani, ta ce albasar mutane za ta ruɓe.

Yanzu da rariya yake aiki, yana tace kashin. In ka bi hanyar Garu da hantsi za ka gamu da su, bijimi ya tsufa, Ɗangana ya fara furfura. Wani lokaci amalanken kan tsaya cak a tsakiyar hanya, masu moto na ta yi masa oda, shi kuwa yana tsugune a baya, ya ɗaga musu hannu ɗaya alamar su dakata.