Wata Biyar a Kujerar Tello

Eleuterio Cabán, wanda duk garin Cayey ke kira Tello, bai fi ni iya karatu ba. Na sha faɗa yana raye, kuma mutuwarsa ba ta sa na canza magana ba.

Benci ɗaya muka zauna tun muna samari, ni Nicomedes da shi, a masana'antar naɗin taba ta bayan kasuwa. A sana'armu hannu ke aiki, kunne na zaman banza, shi ya sa mukan zaɓi mutum ɗaya ya hau doguwar kujera a tsakiyar ɗaki yana karanta mana jarida da littattafai. Mu ke zaɓensa, mu ke ɗaukar nauyinsa. Ba ma tafa masa, don hannu na cikin ganye. In karatu ya yi daɗi, kowa sai ya buga wuƙarsa a kan katakon aiki. Wannan ƙarar nake kwaɗayi tun ban yi gemu ba.

Da tsohon mai karatunmu ya makance, mu biyu muka nemi kujerar. Na karanta shafi guda tsaf, ban yi tuntuɓe ba. Tello ya hau, ya tsallake layi, ya murɗe sunan wani gari, ya tsaya a tsakiyar labarin yajin masu yankan rake ya ce, "Kun ji ko, 'yan'uwa? Ashe su ma ciki gare su irin namu." Ɗaki ya ɗauka da bugu. Na koma bencina raina a ɓace.

Da aka kafa jam'iyyar kwaminis a tsibirinmu, ni na riga shi shiga, ni ma na ja shi. Reshenmu bai taka kara ya karya ba, shagon aski ɗaya ya ishe mu taro har da masu jiran aski. Tello bai taɓa kai littafin jam'iyya ko ɗaya ƙarshe ba, barci ke ɗauke shi. Amma in za a yi wa ma'aikata jawabi, ni ke rubutawa, shi ya tashi ya dagula shi a bainar jama'a, a ɗauke shi a kafaɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Manaja ya lura daga kujerar nan wuta ke tashi, sai ya sa aka fitar da ita aka kafa rediyo mai kiɗa a wurinta. Muka ajiye aiki. Tello ya hau ganga a tsallaken titi yana karanta wa masu yajin aiki jarida, har 'yan sanda suka sauko da shi, alƙali ya ɗaure shi wata biyar. Mu kuma muka dage sai da aka cire rediyo aka dawo da kujera.

Doña Providencia, shugabar matan da ke zare jijiyar ganye, ita ta same ni.

"Nico, kai za ka hau, ba mai karatu kamarka," in ji ta. Murna ta kama ni. "Sai dai ka san shawarar da muka yanke. Wuƙa ba za ta taɓa katako ba sai ranar da Tello ya fito."

Na sani mana. Ni ma na ɗaga hannu a taron, ban san kaina na ɗaure ba.

Wata biyar ina karatu kamar mai yi wa bango magana. Na kawo labarai masu sa kuka, na kawo masu ban dariya. Nakan ga hannun wani ya kai kan wuƙa, ya tuna, ya janye. Har yau ban san ko na iya ba, don a ɗakin nan ba wani ma'auni sai bugu.

Ran Lahadi nakan kai wa Tello shinkafa da wake gidan yari.

"Kwamared, ya kujerata?" ya ce da ni baki cike. "Ƙafarta ta hagu na rawa, ka cusa mata takarda."

"Kujerar ma'aikata ce, Tello."

"Haka ne, haka ne. Ka dai riƙe min ita da kyau."

Abin haushin, ba da gatse yake faɗa ba. Mutumin bai ma san ana gasa da shi ba.

Ranar da ya dawo, ya hau kujera, bai buɗe jarida ba, gyaran murya kawai ya yi. Bugun da aka yi sai da ƙurar taba ta zubo daga rufi. Ni ma na buga, don idanu na kaina.

Daga baya inji ya zo ya cinye sana'ar, aka rufe masana'anta. Jam'iyya ta tsotse, wasu an kama su, wasu sun tafi New York. Tello ya koma sayar da lemo a tasha, yana karanta wa direbobi jarida, har lokacin yana tsallake layi. Kullum in na wuce sai ya ɓare min ɗaya.

Da ya rasu, tsofaffin da muka rage muka raka shi, kowa da tsohuwar wuƙarsa a aljihu. A bakin kabari Doña Providencia, tana dogara sanda, ta miƙo min jaridar ranar.

"Karanta masa, Nico. Ba mai karatun da ya rage sai kai."

Na karanta. Muryata ta tsufa, amma ban tsallake layi ko ɗaya ba. Ina sauke takardar suka sunkuya suka hau bugun murfin akwatin gawar da wuƙaƙensu, suka yi ta bugu ba su daina ba. Shekara da shekaru ina jiran in rufe baki in ji wannan ƙara, ga shi na ji.

Doña Providencia ta share hawaye ta dafa ni.

"Ka ji ko?" ta ce. "Har yau ba wanda ake buga wa kamar Tello."