Takardun da Na Tsinta a Littattafaina

Ni dai tun ina yarinya a Kano nake son a ba ni tsoro. Da na zo Manchester karatun digiri na uku, sai na tarar Turawa sun ware wa masu irin halina wata guda cur. Oktoba na kamawa ganye ya fara zuba, shaguna su cika da kabewa da ƙwarangwal na roba, ni kuma in bi shagunan gwanjo na Stockport Road ina kwasar littattafan fatalwa. Uku ne nake maimaitawa duk shekara. Akwai na matar da inuwarta ke riga ta shiga gida, akwai na telan da ke ɗinka wa mutane kaya daidai jikinsu alhali bai taɓa auna kowa ba. Wanda na fi so kuwa na wani gidan haya ne, inda kowace safiya ake tarar da ƙarin kujera ɗaya a teburin cin abinci. A bas nake karanta su, sau da yawa har in wuce inda zan sauka a Oxford Road.

Ɗaki nake haya a Levenshulme, gidan wata dattijuwa Bahaushiyar Kumasi mai aikin goge-goge a asibiti. Mma nake ce mata. Shekara biyu tana ciyar da ni ba don mun yi haka da ita ba. In dawo a gajiye in tarar da tuwo da miyar ayoyo a rufe. Littattafan nan ne kawai ba ta ƙaunar ko ganin bangonsu. Takan ce mace ita kaɗai a ɗaki, ta zauna tana kiran abin da bai kira ta ba.

A Oktoban shekarata ta uku, muna gyaran alayyafo, ta tambaye ni sunan mahaifiyata. Na faɗa mata, amma ba da son raina ba. A gidanmu an ja mana kunne tun muna ƙanana: wanda ya nemi sunanka haɗe da na uwarka, akwai inda zai kai su.

Bayan mako guda na buɗe littafin kujerun nan a bas, wani abu ya faɗo kan cinyata. Takarda ce an naɗe ta ƙanƙanuwa kamar laya, an ɗaure da baƙin zare. Ban taɓa ta da hannu ba, da gefen mayafi na ɗauka. Ina isa gida na zazzage sauran biyun. Kowanne da tasa. Bayan ni, Mma kaɗai ke da makullin ɗakin.

Daga ranar komai nata ya canja mini kama. Me ya sa take ciyar da ni? Me ya sa har sau biyu ta nuna mini hoton ɗanta na Landan, wanda ya ƙi aure? Ciwon kan da nake fama da shi, wanda ko yaro ya san na rashin barci ne da rubutun babi na huɗu na kundin digirina, shi ma na ɗora mata. Wanda ya saba karanta irin littattafaina ya san mai fara'a ake fara tuhuma. Na daina cin abincinta. In karɓa da godiya, in ƙulle a leda, in jefa a kwandon shara na waje. Na sami wani ɗaki a Rusholme na sa hannu, na ce mata ya fi kusa da makaranta. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ranar Asabar na ɗauki takardun na hau mota zuwa Birmingham wurin yayata, don mijinta mahaddaci ne kuma yana karanta ajami. Ya sa almakashi ya yanke zaren, yayata na tsaye can bakin ƙofa tana ta addu'a. Ya karanta, ya sake karantawa, sai ya fashe da dariya. Ayatul Kursiyyu ce da Falaƙi da Nasi. A ƙasa an rubuta: Allah ka tsare wance 'yar wance daga sharrin abin da take karantawa. Ya ce in wannan ne asirin, shi ma a yi masa. Ni ban yi dariya ba, kunya ce ta rufe ni har na rasa inda zan sa kaina.

Washegari da la'asar na tarar da Mma a kicin tana tankaɗe. Na durƙusa na faɗa mata komai, har zancen ɗanta ban ɓoye ba. Ba ta yi mamaki ba. Ashe kuliyoyin unguwa sun yaga ledar tun kwanaki, ita da kanta ta share tuwonta a bakin titi kafin ta tafi aiki.

"Na so in gaya miki," in ji ta, "sai na ce 'yar jami'a ce, dariya za ta yi mini. Amma ɗiyata, shekara biyu kina cin na hannuna. Da cuta nake nufi, sai na tsaya neman littafi?"

Na ce zan fasa tashin. Ta ce a'a, tunda na sa hannu a contract in tafi, ta yafe mini duniya da lahira. Na yarda ta yafe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ko faɗa ba ta yi mini ba.

Ranar tashi ta ƙi zuwa aiki don ta taya ni haɗa kaya. Ta naɗe mini zannuwa, ta zuba mini yaji a kwalba. Da muka zo kan littattafai na ce ta bar su, zan kwashe da kaina. Ba ta saurare ni ba. Ta riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, ta kama bango ta karkaɗe a gabana don in ga babu komai a ciki, sannan ta miƙo mini. Sun fi arba'in, kuma ba ta tsallake ko ɗaya ba.